Ranar da Mai Ƙofa Ya Ƙi Gaishe da Yaya

Ku da kuka cika min waya da saƙonni kuna tambayar ina maganata da Mai Ƙofa ta kwana, ku yi haƙuri, ba jan aji nake yi ba. Wani abu ne ya faru a falonmu da ya ɗaure min baki, kuma sai da mai maganar ya ce in faɗa sannan na ɗauki waya na fara rubutu. Sababbin zuwa ku matso kusa in maimaita muku a gurguje, kada ku dami na kusa da ku da tambaya ana tsaka da labari.

Ni ce autar gidanmu. Mu biyu ne wajen Mama, ni da Yaya, kuma tun rasuwar Baba shi ne wa shi ne uba. Shagon kayan wuta gare shi a bakin titi, yana zaune da matarsa Anti a sashen da ke kallon namu. Mutum ne mara yawan magana, amma idan ya ce a'a, to a gidanmu an gama. Ni kuwa aikina gwajin cutar ƙanjamau da ba da shawara, a wani ɗan ɗaki da ke cikin asibitin unguwa, ni da shugabata da kowa ke kira Sista. Kyauta muke yi. Kayan gwajin, safar hannu, horon da ake ba mu, har ɗan abin da ake sa mana a ƙarshen wata, duk wata ƙungiya ce mai ba da tallafi take ɗauke da su.

Yaya bai taɓa son aikin nan ba. "Duk ayyukan duniya ki rasa na yi sai tsira wa mutane allura a yatsa," haka yake cewa, ya kaɗa kai ya wuce. Mama kuma ba aikin ne damuwarta ba, zamana a gida ne. Duk bikin da ta je sai ta dawo da labarin 'yar wance da aka kai ɗakinta, ta dire min shi a gaba tun kafin ta cire mayafi.

"Auta, ke fa? Ko sai na mutu za a yi babu ni?"

"Mama, lokaci ne."

"Naki lokacin a ƙafa yake tahowa?"

To, ga yadda Mai Ƙofa ya shigo. A da ƙofar ɗakin gwajinmu tana kallon bencin da ake layin karɓar magani, ga wani ƙaton allo a samanta da ake iya karantawa tun daga bakin get. Duk wanda ya nufo mu sai idon layin nan ya rako shi, ya kuma jira fitowarsa. Saboda haka ba a zuwa. Wuni muke ni da Sista muna kallon fanka, kayan gwaji suna lalacewa a kabad. Da labari ya kai wa masu tallafin, sai suka fara maganar ɗauke shi su kai inda ake amfana, suka turo jami'insu ya zo ya gani da idonsa.

"Mai rufe mana ɗaki ne zai zo," in ji Sista. "Goge teburin nan, ko ba komai ya rufe shi da tsabta."

Muka yi ta baza ido muna jiran mai babbar mota. Ashe tun safe yana cikin asibitin. Wani dogo ne siriri mai tabarau, da riga ruwan toka da ta sha guga har ta gaji, ya zauna a bencin layin magani tsakanin wata tsohuwa da wani mai tari, yana kallon ƙofarmu. Sai da rana ta take sannan ya ƙwanƙwasa, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce, "Ku gafarce ni. Na zauna can ne in ga abin da mai zuwa wajenku yake gani. Gaskiya ni ma da ni ne, ba zan shigo ba."

Akwai kason da aka ware mana na sabon allo da riguna masu tambari. Bawan Allahn nan ya koma ofishinsu ya kafe, ya ce ba allo muke buƙata ba, ƙofa muke buƙata. An ce sai da aka kai ruwa rana, don masu ba da tallafi suna son abin da zai yi kyau a hoto, ƙofar baya kuwa wa zai ɗauke ta hoto? Ya yi ta bin su da haƙuri da hujja har suka yarda, kuma in faɗi gaskiya, da suka yarda ba su yi rowa ba. Aka fasa bangon baya, aka fitar da ƙofa ta lungun da kowa ke bi zuwa famfo da ɗakin awon jini, aka sauke allon. Mutane suka fara shigowa, da ɗai-ɗai, daga baya har Sista ta daina shan shayinta da zafi. Aka sabunta mana tallafi. Tun daga nan duk asibitin ba mai kiransa da komai sai Mai Ƙofa.

Ya koya mana yadda ake adana kayan gwaji kada zafi ya ɓata su, da yadda ake riƙe fuska ɗaya ko me gwajin ya nuna. Ya ce kowa ya daɗe a ɗakin daidai da kowa, kada na waje ya ce wannan ya jima, lalle akwai magana. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne darasin gaisuwa.

"Duk wanda kuka gani a ɗakin nan, idan kun haɗu a waje, kada ku fara gaishe shi," ya ce. "Ku bar masa zaɓi. Idan ya gaishe ku, ku amsa da fara'a. Idan ya kau da kai, ku kau da naku."

Sista ta ajiye biro. "Haba Malam! In ga sa'ar uwata a kasuwa in wuce ta ko sannu babu? Ai sai a ce ba ni da tarbiyya."

"A ce ba ki da tarbiyya ya fi sauƙi a kan a juya a tambaye ta a ina ta san ki," ya ce. "Ke za ki iya ɗaukar wannan. Ita ba lalle ba ne ta iya ɗaukar waccan."

'Yan uwa, a wurin nan zuciyata ta tafi. Ba tsayinsa ba ne, ba tabarau ba ne, don ni da na sha alwashin ba zan auri mai tabarau ba. Maganar nan ce. Na dube shi na ce a raina, wannan idan ya riƙe sirrin baƙo haka, ina ga na matarsa.

Shi kuwa soyayyarsa sai mai haƙuri. Saƙonsa na farko a wayata shi ne: "Barka da rana. An duba zafin kabad ɗin kayan gwaji yau?" Na ce an duba. Can sai ga wani: "Madalla. Ke kuma kin ci abinci?" Na nuna wa Sista, ta kwashe da dariya ta ce, "Daga kabad ya gangaro kanki, saura ƙiris." Kafin ya furta komai sai da ya nemi a ba wani jami'in asibitinmu, shi a mayar da shi ɗakunan gwaji na can ƙarshen gari. "Ba zai yiwu in duba aikinki da safe in zo hira wajenki da yamma ba," ya rubuto. "Idan na yabe ki, ina so ki san ba na ofis ba ne." Na karanta saƙon nan har cajina ya ƙare. A can ɗin ma halinsa bai canza ba, idan ma'aikata sun yi kaɗan shi da kansa yake sa safar hannu ya zauna ya yi wa mutane gwajin.

Ranar da aka sa zai zo gaishe da mutanen gidanmu, Mama ta tashe mu da aiki kamar shugaban ƙasa ne zai sauka. Aka wanke labule, aka fito da kofunan gilashin da ke cikin kabad tun ina yarinya ana hana ni taɓawa, aka ɗaga kujeru aka share ƙarƙashinsu. Anti da tsohon cikinta tana tafiya tana dafe da ƙugu, amma ta ƙi zama, wai ita ma a yi da ita. Ni na sa doguwar rigata shuɗiya mai ɗinkin zare a wuya, na cire, na sa mai ruwan goro, na cire, na koma shuɗiyar. Na tura masa saƙo: "Ka taho?" Ya ce: "Ina bakin layinku tun ɗazu, ina jiran lokaci ya yi." Kun ji mutum.

Ya shigo da sallama cikin fararen kaya, ya cire takalmi ya jera su a gefe, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Mama. Ta ce ya hau kujera, ya ce nan ma ya isa, sai da ta matsa sannan ya ɗosana a bakin kujerar. Ta tambayi iyayensa, ta tambayi aikinsa, ya amsa a natse ba ƙari ba ragi. Ina daga bakin ƙofar kicin riƙe da tire ina leƙe, na ga Mama tana gyara zaman mayafinta tana murmushin da rabon da in gani tun bikin Yaya. Anti ta mintsine ni ta raɗa min, "Auta, an wuce wurin."

Sai ga ƙarar babur ɗin Yaya a waje.

Ya shigo yana goge hannu da hankici, yana cewa a yi haƙuri, wani mai saye ne ya tsare shi. Ya ɗago kai. Idonsa ya sauka a kan baƙon. Na rantse muku abin bai fi ƙiftawar ido ba, amma ni na gani: hankicin ya tsaya cak a hannunsa, sannan ya sunkuyar da kai ya juya gefe yana laluben waya a aljihu.

Mai Ƙofa ya riga ya fara miƙewa. Sai ya koma ya zauna. Ya kau da kansa wajen taga.

Falon ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Mama ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta yi gyaran murya. Ta ce, "Wannan shi ne yayanta, shi ne uban gidan." Sai a lokacin Mai Ƙofa ya zabura kamar wanda aka tasa daga barci, ya miƙe ya ce, "Barka da zuwa, Yaya," amma gaisuwar ta riga ta huce. Yaya ya ce "Yawwa" bai dube shi ba, ya ce yana zuwa, ya fita. Bai dawo ba.

Ni kuwa ina nan bakin ƙofar kicin riƙe da tire da kofunan Mama. Duk falon nan ni kaɗai na san abin da na gani. Idan ya kau da kai, ku kau da naku. Jikinsa ne ya riga kansa, ya yi abin da ya saba yi a kasuwa da bakin titi, ya manta a nan surukai ya zo gaisarwa. Dokar da ya kafa don ta rufa wa mutane asiri, ita ce ta faɗa min cewa yayana ya taɓa zama a gabansa ya miƙa yatsa. Na shiga falon na ajiye tiren, na zuba lemo ban zubar ba, da fuskar nan tawa ta aiki.

Bayan ya tafi Mama ta cire mayafi ta jefar a kujera.

"Ni za a kawo wa wannan? Babban gida ya shigo, kana zaune ka juya masa ƙeya? Tun yanzu ke nan, ina ga an ba shi ke?"

"Mama, ba halinsa ba ne. Wallahi ba halinsa ba ne."

"To halin wa na gani? Ni da nake cewa Allah ya kawo mai hankali, ashe ladabin na mata ne kawai. Ina son ki yi aure, Auta, har ba na barci, amma ban matsu da wanda zai raina min ɗa ba. Sai dai in yayanki ne ya ce ya yafe, shi aka yi wa."

Yaya kuwa bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Da Mama ta kai masa maganar sai ya ce, "Duk yadda kika gani, Mama." Ya riƙa fita da sassafe, ya ci abincinsa a sashensu. Na fahimci lissafinsa, kuma ban iya jin haushinsa ba. Bai buƙaci ya yi komai ba. Shiru kawai zai yi, fushin Mama ya kore masa mutumin da ya san abin da ba ya so a sani.

Kada ku tambaye ni me gwajin ya nuna. Ban sani ba a lokacin. Mutum yakan je gwaji ya fito lafiya lau, kullum ina gani. Amma duk sanda na ga Anti ta wuce tana dafe da ƙugu sai in tuna cewa idan akwai wani abu, akwai maganin da ke kare uwa da jariri, kuma yana son a fara da wuri. Ina da wannan ilimin a kaina, ina da baki, amma ba ni da ikon buɗe shi.

Na tura wa Mai Ƙofa saƙo: "Me ya faru ranar nan?"

"Na yi kuskure. Ki ba Mama haƙuri kafin in zo da kaina."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Shi ne amsar da nake da ita."

Na ce ya same ni a asibiti. Ya zo da rana, muka tsaya a lungun famfo, jikin ƙofar nan tasa, mutane suna wucewa da robobin ruwa. Ya rame, ko ni ce na ga haka.

"Mama ta ce an fasa," na ce. "Ka ji? An fasa. Sai in Yaya ya sa baki, kuma ba zai sa ba."

Ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa. "Na ji."

"Kalma ɗaya za ka faɗa wa Mama ta gane ba raini ba ne. Ko ka kira Yaya gefe ku yi magana ku biyu."

"Wace kalma?" ya ce a hankali. "Ni abin da na sani, na je gidanku, yayanki ya shigo ban gaishe shi a kan lokaci ba. Laifina ne. Bayan wannan ba ni da wata magana da yayanki, sai wadda shi ya zo da ita."

"Ko da za ka rasa ni?"

Ya mayar da tabaraunsa, na ga idonsa ya yi ja.

"Idan na buɗe baki don in same ki, gobe da wane ido za ki zauna a ɗakin nan ki ce wa mutum maganarsa ba za ta fita ba? Kin san wanda kika aura ya taɓa sayar da ta wani."

Na ji kamar in shaƙe shi. Na kuma ji duk duniya babu wanda nake so in aura sai shi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, Sista ta miƙo min audugar goge yatsa don ita ce a kusa, ba ta tambaye ni komai ba. Ita ma ɗalibarsa ce.

Ana haka soket ɗin ɗakina ya ƙone. Mama ta aika wa Yaya, ya shigo da sukundireba da sabon soket, ya tsuguna a jikin bango ya ba ni baya. Ina zaune a bakin gado ina ninke kaya. Ya daɗe yana kwance wayoyi kafin ya yi magana.

"Mutumin naki, me ya ce miki?"

"Ya ce shi ne da laifi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

"Ya san Mama ta ce an fasa?"

"Ya sani."

Ya ɗaure wani noti, ya kwance shi, ya sake ɗaurewa.

"Ke kuma ba ki tambaye shi komai ba?"

"Tambayar me, Yaya?"

Ya juyo ya dube ni. Ni ma na dube shi, da fuskar da nake duban kowa a ɗakin gwaji, wadda ba ta cewa e, ba ta cewa a'a. Ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Wannan mutumin shi ya goya ni a babur zuwa makaranta, shi ya sayar da wayarsa ya yi min rajistar jarrabawa, ga shi tsugune a gabana yana neman wani abu a fuskata, ni kuma aikina ne kada ya samu. Ya juya ya ƙarasa ɗaurin, ya jona cajata ya ga ta kawo, ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Haka ake koya muku?"

"Shi ya koya mana."

Ya ja ƙofar ya fita.

Mai Ƙofa ya cika alkawari, ya zo ba da haƙuri ranar hutun ƙarshen mako da hantsi. Wannan karon ba a wanke labule ba, ba a fito da kofunan gilashi ba. Mama ta fito da mayafin da take zuwa kasuwa, ta ƙi zama, ta tsaya a tsakiyar falo. Shi yana durƙushe, ni ina raɓe a jikin ƙofar kicin da rigar zaman gida, ko hoda ban shafa ba.

"Mama, na zo ne in ba da haƙuri. Abin da na yi bai dace ba."

"Me ya sa ka yi?"

"Kuskure ne."

"Kuskure yana da dalili. Ka taɓa samun saɓani da shi ne? Ko wani ya kai maka maganarsa?"

"Babu ko ɗaya, Mama."

"To ka ga raini ne ke nan." Ta ja numfashi. "Yaro, ban ƙi ka ba, har raina na so ka. Amma gidan nan mutum ɗaya ya riƙe shi tun yana saurayi, kuma ba zan..."

Labule ya ɗaga. Yaya ne. Ashe bai je shago ba. Ya yi wanka ya sa kayansa masu kyau, waɗanda yake sawa idan za shi ɗaurin aure. Mai Ƙofa ya ɗago zai yi magana, a wannan karon da saurinsa, amma Yaya ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Ya tako har gabansa, ya sunkuya, ya miƙa masa hannu biyu.

"Barka da zuwa," ya ce. "Ni ya kamata in fara. Ai mun san juna."

Ku zo ku ga fuskar Mai Ƙofa. Fara'ar nan da ya ce mu riƙa amsawa da ita, ita ce ta cika ta, ya miƙe ya kama hannun Yaya ya riƙe. "Barka dai, Yaya. Ya gida, ya kasuwa?" Kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na cusa gefen ɗankwalina a baki don kada sautina ya fita.

Mama ta saki baki. "Kun san juna? A ina?"

Ko yanzu da aka buɗe masa hanya, Mai Ƙofa sai ya dubi Yaya, ya bar masa amsar.

Yaya ya fuskanci Mama.

"Mama, ki zauna tukuna. Ba abin tashin hankali ba ne kamar yadda za ki zata, an yi min bayani, kuma wanda ya yi min bayanin ga shi nan. Ni ne na tsaya jin kunya har na kusa cutar da mutum uku." Ya waiwayo. "Auta, kira min Antinki. Idan kun shigo ki rufe ƙofa."

Na je na kamo hannun Anti, tana tambayata lafiya, ina ce mata taho dai a hankali. Na zaunar da ita kusa da Mama, na sa mata filo a baya. Na juya na kama ƙofar falon. Kullum sai na rufe ƙofa a bayan mutum kafin a fara irin wannan maganar, amma ban taɓa yin haka a gidanmu ba sai ranar.

Mai Ƙofa ya ɗauki hularsa. "Bari in ba ku wuri," ya ce. "Maganar gida ce."

Yaya ya riƙo hannun rigarsa.

"Shi ya sa za ka zauna," ya ce.